A Wanke Min Wannan

Shekara goma sha takwas rabon Goggo Ƙyas da riƙe kyamara, amma sunan ya ƙi barinta. 'Ya'yan yayanta ne suka laƙaba mata shi tun suna ƙanana, don a wancan zamani ba mai zama a gabanta ya tashi ba ta ƙyasta masa hoto ba. Yanzu yaran nan sun yi gemu, wasu har da nasu yaran, kuma masu kawo mata ɗinki da ba su taɓa ganinta da kyamara ba su ma haka suke kiranta. Wata ma ta taɓa tambayarta ko a da ashana take sayarwa.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai sayar da fenti da mai kitso. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, dogon madubi, sai fanka mai surutu fiye da iska. A nan 'yarta ta same ta wata Talata da hantsi, tare da ƙawarta da ta zo karɓar riga.

'Yar-Baba ake ce wa yarinyar, ko da yake uban da ya sa mata sunan ya rasu tana da shekara uku. Tana ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, kuma har yau ba ta san fuskar mahaifinta ba, domin babu hotonsa ko ɗaya a duniya. Tana ƙarama takan tambaya. Da ta girma ta daina tambaya da baki, sai dai in an ce wani ya yi kama da shi a ga ta bi mutumin da kallo har ya sha kwana.

Ƙawar ta sa rigar, ta juya gaban madubi, sannan ta zuge jaka ta ciro wani ɗan abu ta miƙa wa 'Yar-Baba. Goggo tana kan keke, ba ta ko duba ba. Ƙarar ta ji, 'yar siririyar ƙarar nan ta idon kyamara in yana fitowa. Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken.

"Ke, ina kika samo wannan?"

"Wajen 'yan gwanjo, Goggo. Ai yanzu su ake yayi. Hoton waya ya cika tsabta, ba shi da rai."

"Su ake yayi!" Goggo ta riƙe haɓa. "Abin da muka yar? Kawo in gani."

Ba irin tata ba ce, wannan baƙa ce kuma ta fi faɗi. Amma nauyin ɗaya ne, kuma yatsanta da kansa ya je ya sami maɓallin ba tare da ta nema ba. Sai ta ji kunyar kanta, babbar mace da ita tana neman yin ƙwalla a kan ƙarfe.

"Kin san abin dariya?" in ji ƙawar. "Da na saya babu kati a ciki. Amma ina sa mata batir sai ga hotunan wasu mutane guda bakwai. Wani tsoho da kyanwarsa, da wasu yara a kan keke. Ban san su ba, amma na kasa gogewa."

"Babu kati? To a ina suka zauna?"

"A cikinta mana. Tana da ɗan ciki nata na kanta. In ba kati, nan take zubawa, sai dai ba ya ɗaukar da yawa."

Goggo ta miƙa kyamarar da sauri kamar ta ƙone ta, ta koma kan keke.

"Umma," in ji 'Yar-Baba a hankali, "taki fa?"

"Tana wajen ƙanwata Auta, in ba ta yar ba. Babu komai a ciki."

"Kin duba?"

"Na ce miki babu komai. Ku matsa min daga haske, ina da aiki."

Goggo ta ga yadda yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa kafin ta fita, kuma ta san ƙarya ta yi mata.

Don aiki ta sayi kyamarar a wancan lokaci. Teloli na ajiye littafin samfura na wasu ƙasashe, ita kuwa ta ce ɗinkin hannunta za ta riƙa nunawa. Launin azurfa ce, girman sabulun wanka, da 'yar igiyar ratayawa a wuyan hannu. Ta ɗinka mata jaka da ragowar wani koren yadi, ta shimfiɗa soso a ciki. Cin batir kuwa, sai ka rantse da gangan take yi. Ga ta da nawa: in ka danna sai ta yi tunani tukuna, sannan ta haska. Wasu wannan ne ke ba su haushi, ita kuwa shi ya sa take sonta. Dole ka san mutumin da ke gabanka, ka hango dariyarsa tun tana hanya, ka danna kafin ta iso. Goggo ta gwanance a wannan, har ba a kai sati biyu ba riguna suka koma gefe, mutane suka cika katin. Wayar da ke hannunta yanzu ta fi waccan ido nesa ba kusa ba, amma ba ta bukatar ka san kowa, shi ya sa ba ta taɓa shiga ranta ba.

Mutum ɗaya ne ya ba ta wahala, mijinta. Mai gyaran wuta ne, unguwa na ce masa Injiniya, shi kuma yana ce mata Tela. Bai ƙi komai a duniya kamar hoto ba.

"Ni da na san kamannina, me zan yi da shaida?" haka yake cewa.

Hotunan aurensu yoyon rufi ya cinye su a cikin akwati tun shekarar farko, kuma wallahi ta ga alamar daɗi ya ji. Ɗan hoton da ke jikin katin shaidarsa gumin aljihu ya koɗar da shi ya zama farin tabo. Abin da ya sa ya saki jiki da kyamarar shi ne ana gani nan take, kuma ana iya gogewa.

"Kawo in gani. Kai! Wannan ba ni ba ne. Goge."

Ta goge ta goge har ta gaji. A shekara uku, goma sha ɗaya kacal ta iya tsirarwa, su ma yawanci ta ɓoye ne a tsakanin hotunan riguna. Akwai wanda yake kan tsani da testar gwada wuta a bayan kunne. Akwai wanda ya ɗora yarinyar a wuya tana riƙe da kunnuwansa biyu.

Da katin ya cika, aiki ya yi mata yawa, sai ta naɗe shi a takarda ta ba shi.

"In ka fita ka biya ka kai a wanke min."

Kowa ya san abin da ake nufi da wanke hoto: a fitar da shi a takarda. Amma shagon mai hoto yana can ƙarshen titi, shi kuma Injiniya yana sauri, ga wani abokinsa mai gyaran waya a hanya, yana da kwamfuta. A ganinsa duk mai kwamfuta ai ɗaya ne. Ya ajiye katin a kan teburin ya ce, "A wanke min wannan, zan dawo," ya wuce. Su kuwa masu gyaran waya, in aka ce a wanke, to a share komai ne, a bar abu fes kamar sabo. Mutumin nan ya yi aikinsa tsakani da Allah. Da la'asar ya miƙa masa katin yana cewa tas ya fita, ko ƙura babu.

Injiniya ya shigo gida da katin a hannu ɗaya, ledar lemo a ɗayan. Tana ganin lemon ta san an yi ɓarna.

Hoto ɗari huɗu da wani abu. Ranar da yarinyar ta fara tafiya, haƙorinta na farko, duk rigunan da ta ɗinka, da goma sha ɗayan nan da ta sha wuya a kansu. Ta yi kuka, ta faɗa masa maganganu, ta wurga katin a kwata. Kyamarar kuma ta ɗora ta a kan kantar da ke saman keken ɗinkinta na gida, ta ce ita da hoto har abada.

Iyakar abin da dangi suka sani ke nan, kuma iyakar abin da 'Yar-Baba ta sani. Ana ba da labarin a yi dariya, sannan a yi shiru, a ce Allah ya jiƙan Injiniya. Abin da ba wanda ya sani shi ne sati ukun da suka biyo baya.

Mutumin da ke gudun kyamara sai ga shi yana binta. Da safe kafin ya fita sai ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya a bayanta tana ɗinki.

"Tela, ga ni. Ɗauki ko ɗari ne, ba zan ce a goge ba."

"Je ka abokinka ya ɗauke ka."

"Haba Tela. Ai ina nan, ban tafi ko'ina ba. Sai a sake sabo."

Ita kuwa sai ta ƙara taka keke. Gaskiyar magana, tun sati na biyu ta huce. Daɗin lallashin take ji, don a zamansu ita ce kullum mai bi, yau ga shi an juya. Ta ma sayi sabon kati ta ɓoye a cikin gwangwanin maɓallai, ta yanke a ranta ranar Lahadi za ta sauko. Wata safiya har ya miƙa hannu ta saman kanta ya ɗauko kyamarar, ya ce tunda ta ƙi, shi zai ɗauki kansa. Ta ji ƙarar idon yana fitowa. Ta ga hasken yana faɗawa a bango, sau ɗaya, sau biyu, sau da yawa. Ta cije leɓe don kada ta yi dariya, tana cewa a ranta, yi ta yi, babu kati a ciki, iska kake ɗauka. Ba ta juyo ba.

Ranar Alhamis zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar Litinin aka binne shi.

Da ta gama takaba ta sa kyamarar a jakarta ta ba ƙanwarta, ta ce ta ɗauke mata ita daga gani. Tana kewarta, ba ta taɓa daina kewarta ba. Sau da yawa yarinyar za ta yi wani abu, Goggo ta ji yatsanta ya motsa shi kaɗai. Amma ta hukunta kanta, kuma tana ganin hukuncin ya yi daidai. Ta bar mutum ya tafi yana zaton tana fushi da shi, ta kuma hana 'yarsa fuskarsa saboda jan aji na banza.

Kwana biyu ta yi tana juya maganar ƙawar nan. In ta je ta tarar babu komai, ta kashe ɗan abin da ta gani a idon yarinyar. In kuma akwai, to tambaya za ta biyo baya. Ranar Alhamis da safe ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinke shi a baibai. Ta yi tsaki, ta rufe shago, ta hau mota zuwa gidan ƙanwarta ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Auta malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa yar da komai ba tun da aka haife ta. Ta tarbe ta da shewa.

"Yaya! Yau rana ta ina ta fito? Wa ya mutu?"

"Bakinki dai. Kyamarata na zo nema."

Auta ta daina dariya. Ta dube ta sosai. Ta jawo kujera ta hau, ta fara sauko da kaya daga saman kabad: ledar tsofaffin caja, fitilar da ba ta da kai, jarrabawar ɗalibai ta shekaru, takalmi ƙafa ɗaya. Goggo na karɓa tana ajiyewa tana mita.

"Wannan kuma ajiyar me kike masa?"

"Wata rana ɗayan zai fito. Ke da kika zo neman abin shekara goma sha takwas, da bakin magana?"

A cikin wata tukunya mai murfi aka same ta, cikin koriyar jakarta. Ɗinkin bai ko saki ba. Goggo ta zauna a bakin gado ta zare ta. Ta fi yadda take tunawa ƙanƙanta. Ga ɗan ƙarcen nan a gefe, na ranar da yarinyar ta fizge ta ta buga da ƙofa. Ta zura hannu a igiyar, ta zauna mata daidai kamar jiya ta cire.

Da ta buɗe gidan batir sai farin gari ya zubo. Tsofaffin batiran sun fashe a ciki, ƙarfen ya yi kore.

"Shi ke nan, ta mutu," in ji Auta.

"Ba ni reza da tsumma."

Ta sha ganin Injiniya yana yi wa rediyon maƙwabta haka. Ta kankare ƙarafan a hankali har suka yi haske, ta hure, ta goge. Auta ta cire batiran agogon bango ta ba ta. Ta danna, shiru. Ta juya batiran, ta ɗan lanƙwasa ƙarfen da bakin reza, ta sake dannawa. Sai idon ya yi ƙara, ya fito rabi, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya ƙarasa. Gilashin baya ya kawo haske.

"Allahu akbar," in ji Auta, ta zauna kusa da ita.

Hoto tara ne. Na farko silin ne da fanka. Na biyu silin ne kuma, da saman hula. Auta ta ce, "Wannan wane irin hoto ne?" Na uku goshi ne da rabin hula. Na huɗu kunne, da testa a bayansa.

Auta ta dafe ƙirji. "Yaya, testar Injiniya ce."

Kyamarar ba irin wayar yanzu ba ce da mutum zai ga kansa. Ya miƙa hannu ne kawai ya juyo ta yana dannawa a makance, ga nawarta kuma da bai taɓa koya ba, sai ya motsa kafin ta haska. Na biyar haɓa da wuyan riga. Na shida hanci da kumatu, a dishe. Na bakwai bango. Na takwas baki, a buɗe, har ana ganin wushiryarsa. Na tara ɗayan kunnen ne da gefen fuska, kuma a bayan kunnen, can ciki, ga wata mace zaune a kan keken ɗinki ta ba da baya, kanta a sunkuye.

Auta tana dariya tana share hawaye. "Hoto tara ya ɗauka bai sami kansa ba ko sau ɗaya. Kai, Injiniya! Amma Yaya, ke kina zaune a nan, me ya hana ki..."

Ta ga fuskar yayarta, ta haɗiye sauran.

Daga nan Goggo shagon mai hoto ta nufa, wani dattijo mai tabarau da ya rage shi kaɗai a layin. Ta ajiye kyamarar a gabansa amma ba ta sake ta ba.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Akwai hotuna tara a cikin nan. A takarda nake so ka fitar min da su. Takarda, wadda ake riƙewa a hannu. Kada ka goge komai, kada ka share komai."

"Wato a wanke miki su."

"Kada ka ƙara faɗin kalmar nan."

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau, ya ga ba wasa take ba. Ya jawo wani kwando cike da wayoyi ya yi ta gwadawa har ɗaya ta shiga. Da hotunan suka fito a kwamfutarsa ya tausaya mata.

"Hajiya, waɗannan duk sun lalace. Babu na kirki ko ɗaya."

"Na sani. Fitar min da su."

Amma tana kallon su jere a gilashin, idonta na tela ya fara aiki. Gaban riga, baya, hannu, wuya, ai ba ta taɓa samun riga a haɗe ba, kullum a yanke take zuwa. Matsalar ita ce girman bai zo ɗaya ba, wani ya ɗauka kusa, wani nesa. Ta ciro tef daga wuyanta. Bakin hular ya fito a hoto uku, wuyan rigar a biyu, kunne kuma ta san tsawonsa daga ido zuwa ƙasan hanci yake. Ta sa dattijon ya ƙara wannan, ya rage wancan, tana aunawa a jikin gilashi tana cewa ƙara kaɗan, ya isa, koma baya. Sun fi awa ɗaya a haka. Tun yana gunaguni har ya gane abin da take yi, ya gyara zama, ya fara cewa, "A'a Hajiya, hancin nan a ɗan karkatar da shi dama."

Bayan azahar ta koma shago, ta share teburin yanka, ta shimfiɗa farin kwali. Ta yanke silin ta yar, ta yanke bango. Ta ɗora goshi, ta kafa fil. Ta kawo kunnen hagu da testarsa. Hanci da kumatu suka zauna a tsakiya, baki a ƙasansu, haɓa da wuyan riga suka rufe. Hasken kowane yanki daban, wani ja wani fari, gaɓoɓin duk a bayyane. Amma da ta ja da baya taku biyu sai ta dafa keke, domin shi ne. Abu ɗaya ne babu. Tsakanin goshi da hanci akwai fili, faɗin yatsa biyu, inda farin kwali yake kallonta. A cikin taran nan babu wanda ya kama idanunsa.

Saura na tara. Ta ɗauke shi, ta ɗauki almakashi. Kunnen kawai take bukata da gefen fuskar. In ta bi layin kunnen ta yanke, matar da ke kan keke za ta faɗi ƙasa cikin ƙyallaye, a share ta da yamma. Auta ba za ta yi magana ba. Yarinyar za ta sami ubanta, ta kuma ci gaba da ganin uwarta yadda take ganinta. Duk yankan bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ita da ke yanka yadi ɗari ba ta auna sau biyu.

Ta buɗe almakashin ta sa takardar a bakinsa. Ta daɗe a haka, har mai fenti ya leƙo neman canji ya ga ba fuska ya koma. Daga ƙarshe ta ajiye almakashin, ta kafa hoton yadda yake, matar na leƙowa daga gefen fuskar. Sannan ta kira 'yarta a waya ta ce in ta tashi daga asibiti ta biyo ta shago.

'Yar-Baba ta shigo da la'asar da fararen kayanta, tana cewa ƙafafunta kamar ba nata ba. Ta ga koriyar jaka a kan keke. Goggo ta nuna mata teburin da haɓa.

Yarinyar ta ƙarasa a hankali. Ta tsaya, hannayenta a bayanta kamar mai tsoron taɓa kayan mutane. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kai yatsa ta shafi testar, ta shafi haɓar, ta taɓa tata haɓar.

"Shi ne?"

"Shi ne. Shi ya ɗauki kansa, shi ya sa kika gan shi gunduwa-gunduwa."

Yarinyar ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Hawaye na zuba ba ta share ba, sai matsar da kai take don kada ya ɗiga a takardar. Idonta ya kai gefen dama.

"Wannan ke ce, Umma?"

"Ni ce."

"Kina ɗakin ashe. To me ya sa..."

"Zauna," in ji Goggo.

Ta faɗa mata duka, ba ta rage ba, ba ta kuma gyara kanta ba. Rigar mai kyau, da je ka abokinka ya ɗauke ka, da sabon katin da ke cikin gwangwanin maɓallai, da Lahadin da ta sa wa kanta. Ta ce ta ji duk dannawar nan tara da kunnenta, kuma abin da ya rage mata kawai ta juyo ta karɓa.

"Da na juyo, da kin san fuskar ubanki tun kina yarinya. Ni na hana ki, ba mai gyaran waya ba. Kuma ya tafi yana zaton ina fushi da shi. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba."

Fanka na ta surutunta, a maƙwabta mai kitso na faɗa da wata a kan layi. Goggo ta zuba wa hannayenta ido tana jiran duk abin da zai zo, ta riga ta yarda ta cancanta.

Yarinyar ta tashi ta koma gaban teburin. Ta sunkuya sosai a kan hoto na takwas.

"Umma, zo ki ga."

"Na gani."

"Ba ki gani ba. Zo." Ta ja hannunta. "Dubi bakin nan. Ni kullum cikin masu ɓoye ciwo nake, na san murmushin dole in na gan shi. Wannan ba shi ba ne. Wannan mutum ne da yake tsokana, kuma ya san ana jin sa."

"Ke dai kina so ki..."

"Kin ce kina cije leɓe kada ki yi dariya. Yana tsaye a bayanki. Kafaɗunki ba ya gani?"

Goggo ta dubi bakin, ta dubi matar da ke kan keke. Shekara goma sha takwas tana tuna safiyar nan daga inda take zaune, bango a gabanta, bai taɓa zuwa mata ba cewa shi daga inda yake tsaye yana ganinta gaba ɗaya. Ita da in dariya ta kama ta duk jikinta ke rawa. Ta nemi kujera da hannu ta zauna, kuka ya zo mata irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Yarinyar ta bar ta ta yi mai isarta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce babu komai ba. Da kukan ya lafa, ta jawo ɗayar kujerar kusa, ta ɗora yatsu biyu a kan farin filin da ke tsakanin goshi da hanci.

"Saura nan. Ke kaɗai kike da su. Yaya suke?"

Goggo ta share fuska da gefen mayafi. Ta sake duban bakin nan mai wushirya.

"Ƙanana ne," ta ce. "Kuma ko da ya dace ya kama su ranar, ba abin da za ki gani. In yana irin wannan dariyar, rufewa suke yi gaba ɗaya."